Allurar da Ta Wuce Jan Layi

A littattafan da na taso ina karantawa, idan saurayi zai je gidan su budurwa, mota ce ke kai shi, baƙa wuluk, mai sanyi, ƙamshi na tashi tun kafin ya buɗe ƙofa. Uban yarinya kuwa yana zaune a falo, ya dubi saurayin sau ɗaya ya ce ya ba shi. Na karanta irin wannan har ban san iyaka ba, tun ina karɓar hayar littafi a bakin kasuwa har aka koma karatu a waya. Saboda haka da nawa lokacin ya zo, ban shirya wa akori-kura ba, ban kuma shirya wa albasa ba.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a Sakkwato, ina zaune a ɗaki guda a Arkilla. Yarinyar da nake so kuma 'yar Wamakko ce. Na fara ganinta a bikin wani abokin aikina tana raba wa mata ruwa, na dawo gida na kasa cin abinci saboda ina neman abin da zan kwatanta idanunta da shi. Daga nan duk Juma'a bayan la'asar sai in hau keke mai ƙafa uku in tafi taɗi. Nakan zauna a dakalin ƙofar gidansu in yi ta jira, wani lokaci har inuwar katanga ta tsallaka hanya. Ni a raina kwalliya take yi, don a littafi haka ake: yarinya ta yi wanka, ta zauna gaban madubi, ta sa kaya, ta cire, ta sake wasu. Amma idan ta fito da gumi take fitowa, hannunta na ƙamshin tattasai. Ban taɓa tambaya ba. Na sa abin a cikin sirrin mata da bai kamata namiji ya bincika ba.

Da magana ta fara nisa, sai Baffanta, ƙanen mahaifinta, ya kira ni shagonsa. Shi ne mai shiga tsakani, mutum mai fara'a da son goro.

"An ce kana tuƙi," in ji shi.

"Ina taɓawa, Baffa. Nakan ja motar ofis in direba bai zo ba."

"To madalla. Yayana idonshi ya fara rauni, likita ya hana mishi riƙon sitiyari. Ga albasa ta iso, ga mota zaune. Asabar ba ka zuwa aiki, ko?"

Na ce ba na zuwa. A zuciyata har na ga kaina na zama jarumin da ya ceci gida. Baffa ya ɓare goro, ya miƙo mini ɓari, ya rage murya.

"Bari in hwaɗa maka, tunda ka kusa zama ɗa. Shi ba ya binciken mutum wurin maƙwabta. Ya ce maƙwabci ko ya yabe ka ko ya ɓata ka, duk don kanshi yake yi. Shi ƙafar mutum yake dubi. Mai zafin ƙafa bisa totur, mai zafin zuciya na cikin gida. Ranar da albasa ta ƙare, ranar za ya ba da amsa."

Motar tsohuwar akori-kura ce mai shan gas. Ba wanda zai iya rantsuwa a kan launinta na asali, don rana ta cinye shi, albasa ta lashe saura. Agogon da ke nuna gudun mota ya mutu tun da daɗewa. Mai kuwa da kara ake auna shi. Abu ɗaya ne ke da rai a gaban direba, wato agogon inji, wani zagayayyen gilashi mai allura da ke nuna saurin juyawar inji. A kan gilashin akwai jan layi na fenti, wanda tsohon, mahaifin yarinyar, ya ja da hannunsa tun shekarar da ya sayi motar. Dokar ɗaya ce: kada allura ta wuce layin.

Akwai kuma wata doka da ba a rubuta a gilashi ba. Yarinyar 'yar farinsa ce, ko sunanta ba ya kamawa, balle ya zauna hira da mai nemanta. Ni kuma ba ni da idon da zan dube shi. In na iso da safe, in cire takalmi, in durƙusa a zaure in gaishe shi, ya amsa yana kallon bango, to magana ta ƙare ke nan sai wata Asabar. Ga mu kuma a gaban mota kafaɗa da kafaɗa, gwiwarsa na gogar giya. Ba da jimawa ba na gane yadda ya warware matsalar. Da motar yake magana. Tsohuwa yake kiranta.

Ranar farko na tayar da inji, ban ko taɓa totur ba, na ga allura ta miƙe ta tsaya dab da layi kamar mai jiran a buɗe mata ƙofa. Na ɗora babban yatsan ƙafa a kan totur a hankali. Ta tsallaka.

"Haba Tsohuwa," in ji shi, yana shafa gaban motar. "Wa ka korarki? Gobara anka yi?"

Na janye ƙafa kamar na taka garwashi.

Haka muka kama hanyar Sakkwato, ina canza giya tun kafin lokacinta, mota na karkarwa tana tari. Keke mai cike da mata da kwanuka ya wuce mu. Wani dattijo a kan basukur ya cim mana, ya yi sallama, ya tambayi tsohon lafiyar gida da ta fadama da yadda aka ji da zafi, ya ba da labarin rasuwar wani, suka yi addu'a suka shafa, sannan ya nemi izini ya wuce gaba. Raƙumin da ya wuce mu ma bai yi sauri ba, tafiyarsa yake yi, ya ɗan juyo da wuya ya leƙa mu ta taga. Bazara ce, zafin Sakkwato na saukowa ta rufin ƙarfe yana haɗuwa da na inji a daidai cinyata, ni kuwa farar shadda na sa.

Da muka isa kasuwar albasa, manyan motocin da ke lodi zuwa kudu sun cika sun ɗaure tamfol. Sai ƙananan dillalai suka rage, masu latsa buhu suna yamutsa fuska. Tsohon ya sauko, ya daki ƙofar motar a hankali.

"Tsohuwa, yau kin yi nawa. Ko dai ba a iya lallashinki ba?"

To ka ji. In na taka, mai zafin zuciya ne ni. In ban taka ba, ban iya lallashi ba. Na laluba duk littattafan da na haddace, ban tuna jarumin da ya shiga irin wannan tsaka mai wuya ba. Su abokan gabarsu mutane ne, masu kuɗi ko masu mugun nufi. Ni tawa abokiyar gabar allura ce da ba ta kai tsinken tsire ba.

A hanyar akwai wani ɗan hawa da ba ya yiwuwa da lodi sai an taka. Duk Asabar a nan nake faɗuwa jarrabawa. Allura ta haye layi, tsohon ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Allah shi ba mu haƙuri, shi ba wasu." Wata rana abin ya ishe ni, na tattara ƙarfin hali, na dubi sitiyari na ce, "Tsohuwa, ai hawa ne, sai an ɗan taimaka miki."

 Can sai ya ce, "Ki ce mishi tun ba a haife shi ba kike hawan wurin ga."

Na ji daɗi duk da haka. An amsa mini. A littafi da an ce zumunci ya fara ƙulluwa.

Kunnena ne ya fara zargin agogon. Ni ba makanike ba ne, amma na san kukan injin da ke wahala, na kuma san na wanda ke gyangyaɗi. Tsohuwa gyangyaɗi take yi, allura na cewa gudun ceton rai take. Wata Asabar na ga irin motar sak a kasuwa, na roƙi direbanta ya tayar mini. Na saurara, na sa ya taka har kukan ya yi daidai da wanda Tsohuwa ke yi in ta kai layi. Na leƙa agogonsa. Allurarsa tana can ƙasa, ko rabin hanya ba ta yi ba. Na koma tamu, na tayar, na sake saurare. Babu shakka. Injin gaskiya yake faɗi, agogon ne maƙaryaci.

Da murnata na je wa Baffa da labari. Ya ajiye goron da ke hannunsa.

"Kai! Rufa mini asiri. Layin ga da hannunshi yaj ja shi. Ka ce agogo na ƙarya, ai shi kac ce ma maƙaryaci."

"Baffa, ba layin ne ya yi kuskure ba, allurar ce."

"To je ka bambance mishi. Ni da nike ƙanenshi, nono guda munka sha, ban taɓa ce mishi tayar motar ga ta sace ba. Sai dai in ce ƙasa ta yi tudu ta gefe guda."

Ya zama dole in yi gyaran a ɓoye. Allah ya taimake ni, tsohon yana da al'ada: in an sauke kaya sai ya hau keke ya shiga cikin gari gaida malaminsa, ba ya dawowa sai an yi azahar. A wannan tsakanin nake jan Tsohuwa zuwa wani gareji a bayan kasuwa, wurin wani rewaya, mai gyaran wayoyin mota, mai ƙaton tumbi da murya kamar lasifika. Mutum ne da bai taɓa shakkar komai ba a rayuwarsa.

"Ƙura ce," in ji shi tun kafin in gama bayani. "Malam, ka kwantar da hankalinka, ƙura ce."

Ya kwance gaban motar. A bayan agogon muka tarar da gidan zanzaro, da busasshen goro, da wani carbi da ya tsinke. Ya hure, ya goge, ya mayar. Na tayar. Allura ta miƙe ta koma wurinta kamar ba a yi komai ba.

Asabar ta gaba ya ce waya ce. Akwai wata waya da ke ɗaure a jikin ƙarfen motar, ta yi tsatsa, shi ya sa saƙo ba ya isa daidai. Ya kankare, ya ɗaure tamau. Wannan karon an sami canji. Da can allurar rawa take yi, tana hawa tana sauka, har nakan fake da rawar, in ta sauko in yi gyaran murya don tsohon ya gani. Yanzu ta daina rawa. Ta tsaya cak a saman layi, kamar mai ba da shaida a gaban alƙali.

A zuwa na uku ya buɗe bonet ya yi mini karatu. Ya ce a motar gas, agogon nan ba daga inji yake samun labari kai tsaye ba. Daga altaneta yake ji, wato abin nan da ke cajin batir. Inji na jan fambel, fambel na juya altaneta, altaneta na gaya wa agogo. Ya danna fambel da yatsa ya ga ya yi sako-sako.

"Ga ɓarawon!" in ji shi. "Yau ka huta."

Ya ɗaure shi har yana ƙara kamar tsirkiyar gurmi. Ashe santsin da fambel ɗin ke yi rangwame ne Allah yake yi mini. Da ya daina zamewa, allura ta ƙara hawa. Ran nan a hanyar komawa, mota ba kaya, ina tafiya kamar mai rakiyar amarya, amma allura na can sama.

"Tsohuwa," in ji tsohon, "abin naki gaba shika yi. Da ina cewa ƙuruciya ta, yanzu na fara tunanin hali na."

 Rewaya ya ba ni shawarwari iri-iri daga baya. Ya ce a lanƙwasa allurar. Ya ce a kafa mata ɗan ƙusa ta ciki yadda ko ta mutu ba za ta wuce ba. Ya ce a kankare layin a ja wani a sama. Na ƙi. Ba wai don tsoron Allah kaɗai ba. Fentin ya ɗan zubo a gefe ya yi kamar ƙafar kaza, kuma na tabbata tsohon ya san wannan ƙafar kazar fiye da yadda ya san fuskata. Daga ƙarshe rewaya ya share gumi ya ce shi a ganinsa motar nan ba banza ba, in nemi malami.

Albasa kuwa tana ta raguwa a rumfa. Baffa ya ce saura lodi biyu.

Juma'ar nan na zauna a dakali da jawabi a bakina. Na tsara shi tun a ofis, na bankwana ne, irin wanda jarumi ke yi idan ƙaddara ta raba shi da masoyiyarsa. Akwai wata a ciki, akwai teku, ko da yake ban taɓa ganin teku ba. Ta fito a makare kamar kullum, tana goge hannu da gefen mayafi. Na fara. Ban kai ga tekun ba ta kwashe da dariya.

"Malam, yau kuma daga wane littafi?"

Sai jawabin ya zube. Na ji haushi ya taso mini, na yi tambayar da ban taɓa yi ba.

"Wai don Allah me kike yi a ciki? Tun la'asar nake nan, har ƙafata ta yi sanyi."

"Ciki? Ai ba ciki nike ba. Markaɗe nit tafi, can unguwar gaba. Ta ƙofar baya nika shigowa. Juma'a layi ya fi tsawo."

"Markaɗe? Ba inji nake hangowa a tsakar gidanku ba, an rufe shi da tabarma?"

"Na Inna na. Kar ka tada wannan magana in kana son zaman lafiya."

Na kuwa tayar da maganar. Ta zauna a ɗaya gefen dakalin ta ba ni labari tana dariya. Bara waccan, ana tsakar kwasar albasa, wani ƙarfe ya fashe a cikin motar Baba, wani mai kama da faifai wanda bel ke zagayawa a kansa. Ga lodi a mota, ga rana na yi. Baba ya shigo gida ya zagaya injin markaɗen Inna, ya ga irin ƙarfen a jikinsa, ya sa aka kwance, aka kai wa mai walda ya daidaita ramin, aka ɗaura wa mota. Ya ce aro ne, gobe zai mayar. Inna ta ce to. Gobe ta yi, jibi ta yi. 'Yan'uwa suka ce za su sayo mata wani, ta ce wallahi ba wanda zai sayo, wanda ya cire shi zai mayar. Shi kuma ya ce ai bai ce ba zai mayar ba. Tun daga ranar injin ke rufe, matan unguwa suka koma wani wuri, ita kuma 'yar fari ta gaji ɗaukar roba.

Ina saurare, wani abu na motsi a kaina. Fuli ake kiran ƙarfen, na ji rewaya na faɗi. Shi ne a bakin altaneta, shi fambel ke ja.

"Na Inna ɗin," na ce, "ya kai girman wanda ya fashe?"

"Ina fa. Wancan kamar murfin tukunyar miya, na Inna kamar murfin kofi. Har sai da anka sake bel."

Na miƙe tsaye. In babba da ƙarami suka jera a hanya, kafin babba ya ɗaga ƙafa sau ɗaya ƙaramin ya ɗaga sau biyu. Ƙaramin fuli na ta wulwulawa, altaneta na gaya wa agogo ana gudu, alhali inji na tafiyarsa ta dattako. Duk wannan wahala, duk wannan raƙumi da basukur, fulin markaɗe ne.

Na buɗe baki zan ce mata ita ce hasken da ya yaye duhun rayuwata. Ta riga ni.

"Kai dai kawo ma Inna abinta, ka ga aiki."

Washegari, tsohon na hawa keke na ja mota gareji. Da na yi wa rewaya bayani, ya leƙa, ya ga tabon walda a jikin fulin, ya buga cinya.

"Ai tun ranar farko na gani! Na dai bari ne mu bi abin daki-daki."

Muka shiga wurin masu tsofaffin kayan mota, muka sami gawar irin Tsohuwa a jingine, kaji na kwana a cikinta. Aka ciro fulinta da fambel ɗin da ya dace, aka ɗaura. Na tayar da inji. Allura ta ɗan ɗaga kai, ta kwanta can ƙasa, lafiya lau. Na taka, ta taso a hankali cikin ladabi. Na ƙara takawa har inji ya buɗe murya, ita ko kusa da layi ba ta kai ba. Na kusa rungumar rewaya, tumbinsa ne ya hana. Ƙaramin fulin kuwa na goge shi na naɗe a farin hankici na sa a aljihu.

Abin da ban yi tunani ba shi ne hanyar komawa. Na ce a raina yau zan nuna biyayya, zan ajiye allura a ƙasan layi kaɗan, kamar yadda doka ta ce. Na kuwa ajiye ta. Sai Tsohuwa ta tuna ƙuruciya. Iska ta shigo ta taga ta ɗaga ɓawon albasar da ya shekara a ƙarƙashin kujera. Muka wuce keke. Muka wuce wani keken. Itatuwan dogon yaro suka fara wucewa da gudu. Ta gefen ido na ga tsohon ya dafe hula da hannu ɗaya, ɗayan ya riƙe ƙofa. Ya dubi allura, ya dubi hanya, ya sake duban allura. Ya sa yatsa ya ƙwanƙwasa gilashin.

"Tsohuwa," in ji shi, "mi kinka ci a kasuwa?"

"Tsohuwa," na ce, "ga allura dai, ba ta taɓa layi ba."

"Awo. Na gani."

Salati ya yi ta yi har muka isa Wamakko. Ya sauka yana dafa ƙofa, ya shige gida ko sallamar motar bai yi ba. Na tsaya a waje. Na wanke kaina daga laifin allura, na kuma kusa kashe uban yarinya da tsoro.

Kafin in tafi yarinyar ta leƙo zaure. A littafi, a irin wannan wuri jarumi kan fito da ɗan akwati mai zobe. Ni na fito da hankici mai tabon baƙin mai. Ta buɗe, ta ga fuli, ta dube ni. Kallon nan da na yi wata da watanni ina nema da wata da taurari, ran nan na same shi. Ta juya da gudu. Ina saka takalmi na ji guɗa ta tashi a cikin gida.

Asabar ta ƙarshe na iso da sassafe. Tun daga bakin layi nake jin ƙarar injin markaɗe, ga mata da robobi har waje. Tsohon na tsaye gaban mota, bonet a buɗe, ya harɗe hannu a baya yana kallon sabon fulin. Na cire takalmi na durƙusa a ƙasa, tunda ba a zaure muke ba. Ya amsa a gajarce, ya rufe bonet. Aka gama lodi, muka shiga.

Sai na ga gilashin agogo. An kankare tsohon layin tas. An ja sabo, ɗanye, yana ƙyalli, can ƙasa, daidai inda Tsohuwa za ta koma tafiyarta ta da. Warin fenti ya cika motar.

 Na tayar, na ɗora yatsa, muka kama rarrafe. Muka bar gari, muka wuce fadama, ba wanda ya yi tari. Na ce a raina shi ke nan, wannan shirun na sallama ne. Har na fara tsara yadda zan rayu da karyayyar zuciya, ina zaune bakin gulbi da yamma, na rame, mutane na nuna ni.

Mun kusa shiga Arkilla ya yi gyaran murya.

"Tsohuwa, ashe shiga cikinki anka yi ba sallama."

Na dubi sitiyari. "Tsohuwa, a yi mini afuwa. Ƙuruciya ce."

"Ni aro niy yi, kin sani. Gobe-goben nan za ni maida shi."

"Ƙwarai kuwa, Tsohuwa. Kowa ya sani."

 Wani mai kura da jarkokin ruwa ya fara jerawa da mu.

"Tun ranar da nic cire abin ga," ya ci gaba, "uwar ɗiya ba ta sa mini man shanu a tuwo ba. Sai daren da abin yad dawo. Har da ƙari." Ya shafa gemu. "Ni dai ƙafar ga ban gama gane ta ba. Wancan mako ta kusa kai ni lahira, allura na kwance. Amma uwar ɗiya ta ce in ban ba da amsar kirki ba, in kwaso tabarmata in dawo cikinki da kwana. Ke kuwa kin san ba ki da wurin miƙe ƙafa."

Ya shafa gaban motar.

"Ki ce mishi shi turo manyanshi."

Shekaru na yi ina tanadin abin da zan faɗa a wannan lokaci. Ina da jawabi mai hawaye, ina da mai alkawari. Ba ko ɗaya da ya zo. Na dubi sitiyari na ce, "Mun gode, Tsohuwa." Garin faɗin haka ƙafata ta zame daga kan kuloci, motar ta yi tsalle ɗaya, ta mutu a tsakiyar titi.

Na murɗa makulli, ta yi ƙas. Na sake, ta yi shiru. Batirinta ba ya tayar da ita sau biyu a safiya ɗaya. Masu keke suka fara hon a bayanmu. Ba yadda za a yi sai turi, kuma ba a ce wa dattijo ya sauka ya tura. Na fito, shi ya matso kan sitiyarin da likita ya hana shi. Na naɗe hannun riga, na sa kafaɗa a jikin buhunan albasa. Mai kurar ruwan nan ya ajiye kurarsa ya kama mini, wasu masu shayi biyu suka taso. Muka tura, muka tura, Tsohuwa ta yi tari, ta yi atishawa, ta watsa mana baƙin hayaƙi a fuska, ta kama.

Ta kuma ci gaba da tafiya. Tsohon na tsoron in ya tsaya ta sake mutuwa, ga shi rabonsa da totur an daɗe. Na bi ta da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, ina haki, ina dariyar da ban san daga ina take fitowa ba. Mutane suka fito daga shaguna suna kallo. Wani mai faci ya miƙe da ƙarfen taya a hannu ya biyo ni yana ihu.

"Malam! Ɓarawo ne? A tare shi?"

"A'a!" na ce, ban ko waiwaya ba. "Surukina ne!"